Ciki Ba Ya Manta Yunwa: Tarihin Rage Ƙiba Daga Rumbu Zuwa Ɗakin Tiyata

Idan ka je Batsari ko Safana a 'yan shekarun nan ka ce za ka yi wa mutane bayani kan tiyatar rage ƙiba, mai yiwuwa a ɗauka ba'a kake yi. Yankin da manomi ke shakkar zuwa gonarsa ta bakin Dajin Rugu, inda uwa ke goye da yaro mai tamowa, wa ke ta ƙiba? A watanni shida na farkon 2025 kaɗai, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina saboda tamowa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuwa ya nuna kusan yara shida cikin goma 'yan ƙasa da shekara biyar a jihar sun tsumbure, ba su kai tsayin da ya dace da shekarunsu ba.

To amma wannan binciken dai shi ne ya nuna cewa kashi 28 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima. A birnin Katsina, da Kano, da Kaduna, ana ta sayen shayin rage tumbi, masu hali kuma suna zuwa Abuja, ko Legas, ko Indiya, ko Turkiyya a yanke musu ciki. Mutum zai ce ai waɗannan matsaloli biyu hannun riga ne. Tarihin kimiyyar narkewar abinci ya nuna akasin haka. Dabarun da jiki ke amfani da su ya tsira daga yunwa, su ne suke hana mai ƙiba ramewa. Wanda ya gane wannan zai gane me ya sa rage cin abinci ke da wuya, me ya sa tiyata ke aiki, da kuma me ya sa yaron da ke kwana da yunwa yau a ƙauye yake cikin labarin.

Ƙasar da ta san yunwa

Yammacin Katsina bai fara ganin wahala yau ba. A ƙarni na 19, yaƙe-yaƙe tsakanin masarautar Katsina da Katsinawan da suka kafa Maraɗi sun watsa garuruwa da dama na ƙasar Ruma, wadda Batsari ke cikinta, har daji ya cinye gonaki. Bayan zuwan Turawa aka yi babbar yunwar 1913 zuwa 1914 da ake kira Ƙaƙalaba, aka yi 'Yar Gusau a 1942, sannan farin farkon shekarun 1970 da dattawa da yawa ke tunawa har yau. Masani Michael Watts, wanda ya yi bincikensa a Kaita da ke arewacin Katsina, ya tattara tarihin waɗannan yunwoyi a littafinsa na 1983, ya nuna cewa ba ƙarancin ruwan sama kaɗai ke kawo su ba, har da haraji da tsadar hatsi da bashi.

Ko a shekarar da ba a yi fari ba, akwai ƙaramar yunwa ta kowace shekara. Tsakiyar damina rumbu ya yi ƙasa, aikin noma ya yi yawa, sabon gero bai nuna ba. Manomi yana ramewa a lokacin, ya murmure da kaka. Masu bincike na Birtaniya da suka shafe shekaru suna auna mutanen ƙauyen Keneba a Gambiya sun ga wannan hawa da sauka a kan sikeli shekara bayan shekara.

A irin wannan ƙasa, ba abin mamaki ba ne ƙiba ta zama abin yabo. “Wance ta yi ɓul-ɓul, gidan miji ya karɓe ta.” “Alhaji ya ajiye tumbi, kasuwa ta yi kyau.” Rama kuwa alamar ciwo ce ko rashin kwanciyar hankali. Har yau akwai 'yan mata da ke shan ƙwayoyin da ake kira “sha ka fashe” don su yi jiki kafin biki. Al'ada ta koyi cewa kitse ajiya ce. Jiki ma ya koyi haka, tun kafin al'ada.

Me ke faruwa da lomar tuwo?

Wanda ya taɓa tsayawa wajen mahauci yana gyaran kayan ciki ya riga ya ga rabin darasin. Loma tana bi ta maƙoshi ta faɗa jakar ciki, wadda mahauta ke kira tumbi a jikin dabba. A nan za mu riƙa cewa jakar ciki, don kada a rikita ta da tumbin da ke fitowa gaban riga. Jakar babban mutum tana ɗaukar lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Tana dama abinci da ruwan asid, ta mayar da shi kamar kunu, sannan wata 'yar ƙofa a ƙasanta ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan zuwa ƙaramin hanji. Wannan hanjin tsawonsa ya kai kimanin mita shida, kuma a nan ake tsotse kusan duk amfanin abinci, bayan ruwan matsarmama da sauran sinadarai sun gauraya da shi. Abin da ya rage ya wuce babban hanji, a tsotse ruwansa, ya zama bayan gida.

An fara ganin aikin jakar ciki ido da ido ta dalilin haɗari. A 1822, bindiga ta tashi ta samu wani matashi mai suna Alexis St. Martin a tsibirin Makina na Amurka. Ya rayu, amma raunin ya warke ya bar rami har cikin jakar cikinsa. Likitan soja William Beaumont ya riƙa ɗaure abinci da zare yana zurawa ta ramin, yana zaro shi bayan wani lokaci ya ga yadda ya narke. Ya buga sakamakon a 1833. Daga nan, har tsawon shekaru masu yawa, likitoci da dama sun ɗauki ciki a matsayin turmi da bututu kawai: a daka, a tsotse, a fitar. Da wannan fahimtar aka fara yaƙi da ƙiba. Lissafin mai sauƙi ne, wai: ko a rage abin da ke shiga, ko a rage abin da ake tsotsewa.

Rage ci: abin da samari 36 suka koya wa duniya

Littafin rage ƙiba na farko da ya yi suna a Turai wani mai haɗa akwatin gawa ne a Landan ya rubuta shi, William Banting, a 1863. Ya bar burodi, sukari, man shanu, giya da dankali, ya zubar da fiye da kilo 20 cikin kimanin shekara guda. Tun daga lokacin ake ta fito da sababbin tsare-tsare, kowanne da sunansa. Kusan dukkansu suna aiki a watannin farko. Matsalar tana zuwa daga baya, kuma binciken da ya fara bayyana dalilinta ba kan ƙiba aka yi shi ba, kan yunwa ne.

A 1944, Yaƙin Duniya na Biyu yana gab da ƙarewa, Amurka tana son sanin yadda za a ciyar da miliyoyin mutanen Turai da yunwa ta galabaita. Ancel Keys na Jami'ar Minesota ya samu samari 36 da suka ƙi shiga soja saboda aƙidarsu, suka yarda a gwada yunwa a kansu. Aka rage musu abinci daga kalori kusan 3,200 a rana zuwa kusan rabin haka, tsawon mako 24, suna kuma tafiyar ƙasa ta kimanin kilomita 35 kowane mako. Suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu.

Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda jikinsu ya mayar da martani. Ƙarfin da jiki ke ƙonawa yana hutawa ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Bugun zuciya ya yi ƙasa, suna jin sanyi ko da rana, ba su da hira sai ta abinci, wasu har tara littattafan girki suka riƙa yi. Da aka sake su su ci yadda suke so, suka riƙa ci kamar ba gobe, suna tashi daga kan akushi ba su ji sun ƙoshi ba. Kitse ya riga tsoka dawowa, har ya zarce yadda yake tun farko. Duk wanda ya ga yadda mutanen ƙauye ke murmurewa bayan damina mai wuya ya san wannan hoton.

Sai a ƙarshen ƙarni aka gano 'yan aiken da ke kai wannan saƙo. A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Niyok suka gano homon ɗin leftin, wanda kitse ke fitarwa yana shaida wa ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke rumbu. Kitse ya ragu, leftin ya ragu, ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari ya zo. A 1999 kuma Masayasu Kojima da Kenji Kangawa a Japan suka gano girelin, homon da jakar ciki ke fitarwa idan ta zama wayam. Shi ne ke tashi kafin lokacin cin abinci, ya sauka bayan an ci. Hanji ma yana da nasa 'yan aiken, irin su GLP-1, masu cewa “ya isa haka”.

A 2011 masu bincike a Melbon ta Ostireliya suka sa mutum 50 masu ƙiba kan tsarin abinci mai tsanani na mako goma. Sun zubar da kimanin kilo 13 kowanne. Bayan shekara guda aka sake auna jininsu: girelin yana nan sama da yadda yake kafin a fara, homon ɗin ƙoshi suna ƙasa, kuma mutanen sun ce yunwa ta fi damunsu. Wato ciki bai yafe ba. Shi ya sa idan ka ga wanda ya rame sannan ya koma yadda yake, kada ka yi saurin cewa kwaɗayi ne ko rashin haƙuri. Yana kokawa ne da abin da ya raya kakanninsa lokacin Ƙaƙalaba.

Rage ci mai tsanani yana da wasu illoli a ciki. Idan abinci ya yi kaɗan, hanji yana rage motsi, bayan gida ya yi tauri. Idan kuma babu mai ko kaɗan a abincin, matsarmama ba ta matsewa ta zubar da ruwanta, ga shi hanta tana ƙara zuba mata kolestarol daga kitsen da ke narkewa. Daga nan tsakuwa ke taruwa a matsarmama. Saurin ramewa na cikin manyan abubuwan da ke kawo ta.

Wuƙa ta shigo

A Minesota ɗin dai, shekara goma bayan gwajin Keys, likitocin tiyata suka gwada ɗaya hanyar. A 1954 Arnold Kremen da John Linner suka ba da rahoton tiyatar tsallake mafi yawan ƙaramin hanji. Ana haɗa farkonsa da ƙarshensa, a bar tsakiyar ba ta ganin abinci. A salon da ya yaɗu daga baya, daga cikin mita shida santimita 45 kacal ake bari tana aiki. Mutum ya ci duk abin da yake so, yawancinsa ya wuce ba a tsotse ba.

Mutane sun rame ƙwarai. Amma ka tsaya ka duba abin da aka yi: an ƙirƙiri tamowa ce da wuƙa. Marasa lafiyar suka riƙa zawo sau da yawa a rana, gishirin jiki yana zubewa, tsakuwa tana fitowa a ƙoda, gaɓoɓi suna ciwo, wasu hantarsu ta lalace har suka mutu. Zuwa farkon shekarun 1980 an daina wannan tiyatar, an kuma kwance ta a jikin mutane da yawa.

Edward Mason na Jami'ar Ayowa ya bi ta wata hanya. A zamanin, maganin gyambon ciki mai tsanani shi ne a yanke wani ɓangare na jakar ciki. Mason ya lura cewa waɗanda aka yi wa haka suna ramewa, kuma da wuya su sake yin ƙiba. A 1966 ya yi tiyatar tsallake jakar ciki ta farko don rage ƙiba, shi da Chikashi Ito suka buga rahotonta a 1967. An yi ta gyara ta tun daga lokacin. Yadda ake yin ta yau, ana ware 'yar ƙaramar aljihu a saman jakar, wadda ba ta wuce girman ƙwan kaza ba, a jawo ƙaramin hanji a ɗinke da ita. Abinci ya tsallake sauran jakar da farkon hanji, ya haɗu da ruwan matsarmama can gaba.

A farkon shekarun 1990 aka fara yin ta ta 'yan ƙananan huji da kyamara, ba tare da tsaga ciki ba, abin da ya rage haɗari da kwanakin jinya sosai. Daga baya wata tiyatar ta zo ta fi ta yaɗuwa: a yanke kusan kashi 80 cikin 100 na jakar ciki a fitar da shi gaba ɗaya, a bar siririn bututu mai siffar ayaba. Ita ce aka fi yi a duniya yanzu.

Abin da likitoci ba su zata ba

Duk waɗannan likitocin sun yi aikinsu ne da tunanin turmi da bututu: a ƙanƙanta turmi, mutum ya kasa ci da yawa. Sai marasa lafiya suka fara faɗin wani abu daban. Ba wai suna son ci suna kasawa ba ne, yunwar ce ba sa ji. Wasu ma suka ce kayan zaƙi da soye-soye sun fita daga ransu.

Ga kuma wani abin. Walter Pories a Karolina ta Arewa ya bi mutum 608 da ya yi wa tiyata har tsawon shekara 14. A rahotonsa na 1995, fiye da takwas cikin goma na masu ciwon suga a cikinsu sugansu ya daidaita. Kuma sau da yawa yakan fara daidaita cikin 'yan kwanaki, tun kafin a ga wata rama. In da ramar ce kaɗai magani, da ba a ga haka ba.

David Cummings a Siyatul ya kawo wani ɓangare na amsar a 2002. Ya auna girelin a jinin waɗanda suka rame ta hanyar rage ci: sun zubar da kashi 17 cikin 100 na nauyinsu, girelin ya ƙaru da kashi 24. Waɗanda aka yi wa tiyatar tsallake jakar ciki kuwa sun zubar da kashi 36, amma girelin ɗinsu ya yi ƙasa ƙwarai, ƙasa da na wanda bai taɓa ƙiba ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna girelin ba ya sauka haka a kowa da kowa bayan tsallakewa, sai dai ya fi sauka a tiyatar ayaba, domin ɓangaren da ake yankewa shi ne ya fi fitar da shi. Abin da ya fi tabbata shi ne ɗaya gefen: da yake abinci yana isa can ƙasan hanji da wuri, hanjin yana fitar da GLP-1 ninkin-ba-ninkin. Wannan homon yana kashe sha'awar abinci, yana kuma sa jiki ya fitar da insulin. Ruwan matsarmama da ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanji su ma suna canzawa.

A taƙaice, mai rage ci yana ramewa cikinsa na ihun yunwa, wanda aka yi wa tiyata yana ramewa cikinsa na cewa an ƙoshi. Bambancin kenan. Binciken Suwidin da aka fara a 1987 ya bi mutum fiye da 4,000, rabi an yi musu tiyata, rabi an bar su da kulawar da aka saba. Bayan shekara goma, waɗanda aka yi wa tiyatar tsallakewa suna nan da ragin kusan kashi 25 cikin 100 na nauyinsu, ɗaya rukunin kuwa nauyinsu bai motsa sosai ba. A rahoton 2007, mutum 101 sun rasu a rukunin tiyata, 129 a ɗaya rukunin.

Wannan ilimin shi ya share fage ga allurar rage ƙiba da ake ta magana a kai yanzu. Semaglutide, wadda Amurka ta amince da ita don rage ƙiba a 2021, kwaikwayon GLP-1 take yi. Tana rage yunwa, tana jinkirta fitar abinci daga jakar ciki, shi ya sa take kawo tashin zuciya da kumburin ciki. A babban gwajinta mutane sun zubar da kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu. Waɗanda suka daina ta kuwa, cikin shekara guda kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar ya dawo.

Kuɗin da ciki ke biya

Tiyata ba kyauta ba ce, ko da an cire maganar miliyoyin naira. Wanda aka yi wa ya shiga sabuwar rayuwa da kwanon abinci. Makonnin farko ruwa-ruwa kawai zai sha, kurɓi-kurɓi. Daga baya loma kaɗan ta ishe shi, sai ya tauna sosai, ba ya haɗa ci da shan ruwa. Malmalar tuwo da ake haɗiya ba tauna ta zama abin tarihi.

Bayan tiyatar tsallakewa, 'yar ƙofar nan mai sakin abinci kaɗan-kaɗan ba ta kan hanya. Idan mutum ya sha fura mai sukari da yawa, ko lemon kwalba, ko shayi mai kauri, abin yana zubowa hanji gaba ɗaya, ya jawo ruwa daga jini. Nan take sai zufa, jiri, bugun zuciya, murɗar ciki da zawo. Wani lokaci bayan awa ɗaya zuwa uku insulin ya yi yawa, suga ya faɗi, jiki ya ɗauki rawa. Tiyatar ayaba kuma ta fi kawo ƙwannafi.

Babbar illar ita ce wadda ba a ji da wuri. Sinadarin ayon da ke gina jini, da kalsiyam da ke gina ƙashi, a farkon hanji aka fi tsotse su, wurin da aka tsallake kenan. Bitamin B12 kuma ba ya shiga jini sai da wani sinadari da jakar ciki ke fitarwa. Saboda haka dole mutum ya sha ƙarin bitamin har ƙarshen rayuwarsa, ana gwada jininsa a kai a kai. Wanda ya yi sakaci zai iya samun ƙarancin jini, raunin ƙashi, ko lalacewar jijiyoyi. Ana ba mace shawarar ta jinkirta ɗaukar ciki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Azumi ma, musamman a shekarar farko, sai an zauna da likita. Wanda ya je ƙasar waje aka yi masa, ya dawo gida babu mai bibiyarsa, rabin magani ya saya.

Wannan ya sa likitoci ba sa yi wa kowa. An tanade ta ne don mai ƙiba mai tsanani, ko wanda ƙibar ta haɗa masa da ciwon suga, hawan jini, ko shaƙewar numfashi cikin barci.

Yaron Batsari na yau, dattijon 2070

To ina Batsari da Safana a cikin wannan duka? Amsar tana cikin abin da aka gano bayan wasu yunwoyi biyu.

A hunturun 1944 zuwa 1945, sojojin Jamus sun toshe hanyar abinci zuwa yammacin Holan, rabon mutum ya faɗi zuwa kalori 400 zuwa 800 a rana. A 1976 masu bincike suka duba bayanan samari kimanin 300,000 'yan shekara 19 da aka auna don aikin soja. Waɗanda yunwar ta samu iyayensu mata a rabin farko na goyon ciki sun fi sauran yawan ƙiba. A nan gida ma an ga irin haka. A 2010 aka buga binciken da aka yi kan mutum 1,339 a Enugu, wanda ya nuna cewa waɗanda aka haifa cikin yunwar yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun fi waɗanda aka haifa bayanta yawan hawan jini, hawan suga da nauyin da ya wuce ƙima. Jikin da aka gina cikin rashi yana shirya wa duniyar rashi. Idan ya girma ya tarar da shinkafa, taliya, sukari da zaman babur, lissafin ya ɓaci. Wannan ba hukunci ba ne a kan kowane yaro, amma haɗarin ya fi yawa.

Yanzu dubi yammacin Katsina. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana, a ƙoƙarin daƙile 'yan bindiga. Tsawon waɗannan shekaru an bar gonaki, an kore shanu, iyalai sun yi hijira zuwa garuruwa. Yaran da aka haifa a ciki su ne za su zama iyaye da kakanni nan gaba, da yawansu a birni. Tamowa tana taɓa hanjinsu tun yanzu: 'yan gashi-gashin da ke shimfiɗe a cikinsa kamar na tawul, masu tsotse abinci, suna lanƙwashewa su gajarce. Shi ya sa a cibiyar tamowa ba a cika wa yaro ciki rana ɗaya. Ana fara masa da madara ta musamman kaɗan-kaɗan, kusan yadda ake fara wa wanda ya fito daga tiyatar ƙiba. Duk kuɗin da aka kashe wajen ciyar da mai ciki da jariri har ya cika shekara biyu, rigakafin ciwon suga ne na shekara arba'in masu zuwa.

Ga mai karatu da ke fama da nauyi yau kuma, tarihin nan yana da 'yan darussa. Ramewa a hankali ta fi ta gaggawa aminci ga matsarmama, kuma ko kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ka zubar, suga da hawan jini suna jin bambanci. Shayin rage tumbi da yawa ganyen filasko ne a ciki, mai sa zawo. A babban hanji yake aiki, bayan an riga an tsotse amfanin abincin, don haka ruwa kake zubarwa, kitsen yana nan. Ƙwayoyin “sha ka fashe” kuma galibi akwai dexamethasone a ciki, wanda ke iya tayar da suga da hawan jini ya kuma taɓa jakar ciki.

Akwai kuma abin da manoman Batsari da Safana suka daɗe da sani, cewa tuwon dawa da na gero suna riƙe ciki. A 2018 masu bincike daga Mali da Jami'ar Purdue ta Amurka suka gwada wannan magana a Bamako. Suka tarar abincin gero da dawa mai kauri yana ɗaukar kusan ninki biyu na lokacin da shinkafa, dankalin turawa ko taliya ke ɗauka kafin ya bar jakar ciki. Jinkirin da ake biyan kuɗi mai yawa a samu daga allura, akwai ɗan rabonsa a cikin rumbu. Ba zai maye gurbin likita ga wanda ƙibarsa ta yi tsanani ba, amma ga sauran jama'a, kafin a kai ga wuƙa, a fara duba abin da ke cikin kwano.